Ƙidayar Gero a Hanyar Kongolam

Amatullah malamar tattalin arziki ce a wata sakandaren 'yan mata da ke Daura. A shekarar 2003 ta shiga karatun digiri na biyu a wata jami'a a Kano, ta yi shekara guda tana kai-komo tsakanin aji biyu, wanda take koyarwa da wanda ake koya mata. Da aka gama darussa sai aka ce kowa ya kawo abin da zai yi bincike a kai. Ita ta zaɓi tambaya guda: gero nawa ke fita daga ƙasar Daura a shekara, kuma ina yake zuwa?

Malamin da aka ba shi duba aikinta, Dakta Harisu, mutum ne mai son aiki a tsare. Ya zaunar da ita a ofishinsa ya zana mata hanyoyi uku a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa.

"Ta farko ita ce hanyar rara," in ji shi. "Ki samo adadin geron da aka noma a ƙananan hukumomin nan biyar. Ki cire abin da mutane ke ci, ki cire iri, ki cire wanda ƙwari ke ɓatawa. Abin da ya rage shi ne ya fita. Ta biyu kuma ita za ta gaya miki inda ya tafi. Babban gari ya fi ƙarami jan kaya, nisa kuma yana rage ƙarfin jan. Ki sa yawan mutanen Kano da na Katsina da na Damagaram, ki sa nisan kowanne daga Daura, lissafi zai raba miki rarar."

"Ta ukun fa, Malam?"

"Ki je bakin titi ki ƙirga motoci. Wannan don a tabbatar ne kawai. Mako shida ya ishe ki."

Hanyoyi biyun farko sun ci mata wata biyu. Ta bi ofisoshin gona tana kwafar alƙaluma daga fayil-fayil, ta zauna da na'urar lissafi bayan ta tashi daga makaranta. Abin da ya fito shi ne rarar buhu dubu ɗari da hamsin. A cikin kowane buhu goma, bakwai za su tafi Kano, biyu Katsina, ɗaya ya tsallaka Nijar. Dakta Harisu ya duba ya ce aiki ya yi kyau, saura ƙidaya.

Mijinta Anwar, ma'aikacin ɗakin magani ne, bai hana ba, sai dai ya ce ba za ta zauna ita kaɗai a cikin direbobi da 'yan kamasho ba. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, idon mutane na kan irin wannan. Don haka ta tafi Sandamu, garinsu, ta roƙi yayan mahaifiyarta, Kawu Kabo, ya riƙa raka ta. Kabo ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa gingimari tsakanin Damagaram da Kano da Ikko kafin ya ajiye sitiyari. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce shi bai ga amfanin ƙirga kayan da ba naka ba, amma zaman gida ya ishe shi, zai zo.

Suka fara a watan Disamba na 2004, an gama kaka, makaranta tana hutu. Kwana biyu a hanyar Kano, kwana ɗaya a hanyar Katsina, kwana ɗaya a hanyar da ta taso daga Babban Mutum, kwana biyu a hanyar Kongolam, wadda ta nufi iyakar Nijar. A kowane wuri Kabo yakan nemo benci a gindin darbejiya kusa da mai shayi, ita ta zauna a gefe ɗaya da littafinta, shi a ɗaya gefen da carbinsa.

Ranar farko ta rubuta abin da aka koya mata: irin mota, inda ta dosa, da adadin buhun da irinta ke ɗauka. Wajen azahar Kabo ya leƙa littafin.

"Waccan da ta wuce nawa kika sa mata?"

"Ɗari biyu, Kawu. Haka takarda ta ce."

"Takarda ba ta ga tayar baya ba. Ɗari biyu da sittin ne, in ma bai fi ba. Kuma jar nan da kika sa a gero, layi biyu na sama ne gero, ƙasan duk wake ne. Ba ki ga yadda buhun ya zauna ba?"

Ba ta gani ba. Daga ranar ta ƙara layi a littafin, ta sa masa suna ƙiyasin Kawu.

A mako na biyu ya sake tsayar da ita. Wata motar ɗaukar kaya ƙirar kanta, shuɗiya, ta wuce su a hanyar Kongolam ranar Asabar, ta rubuta buhu saba'in. Kabo ya ce ta koma shafin Laraba. A can ma akwai buhu saba'in, sun shigo daga Babban Mutum. Ya ce gero ɗaya ne, mota ce kawai aka sauya, domin buhunan duk suna ɗauke da jan fenti mai kama da ƙafar kaza, alamar wani dillali da ya sani. Ta ƙirga su sau biyu ke nan, sau ɗaya a matsayin masu shigowa, sau ɗaya a matsayin masu fita, alhali Babban Mutum ma cikin ƙasar Daura take. Sai da ta koma ta tsefe shafuka goma sha ɗaya.

Akwai kuma abin da lissafin rara bai tanadi wurinsa ba. A hanyar Kano ta ga gero yana tafiya kudu da safe, ta ga wani geron yana tasowa arewa da yamma. Bisa lissafi, ƙasar da ke da rara ba ta da dalilin shigo da abin da take fitarwa. Kabo ya ce ai wannan tun yana yaron mota haka ake yi: mai tafiya kudu alkawari ne da aka ɗauka tun damina, mai tasowa kuma ɗan kasuwa ne da ya ji labarin farashin Mai'Adua, kasuwar bakin iyaka. Abin da bai saba gani ba, in ji shi, shi ne yawan masu tasowar. Bana damina ta yanke da wuri a arewa, fara kuma ta sauka a wasu wuraren, don haka mutanen can ke saye.

Zamansu bai daɗe ba ya zama abin magana. Ranar wata Lahadi a hanyar Kongolam wani direba mai suna Maharazu ya faka motarsa ya tako har gindin bishiyar, wasu huɗu suka biyo shi. Ya gai da Kabo da ladabi, ya ce masa Baba, sannan ya juya wajen Amatullah.

"Hajiya, ana cewa lambar mota kike rubutawa kina kai wa kwastan."

"Ba Hajiya ba ce, 'yar ƙanwata ce, malamar makaranta," in ji Kabo. "Buhu take ƙirgawa, ba mutane ba."

"To me za a yi da shi?"

Amatullah ta buɗe littafin ta miƙa masa. Ta nuna masa layukan ɗaya bayan ɗaya. Akwai lambobin motoci a ciki, tun da Kabo ya nuna mata maimaici ta fara rubuta su don kada ta sake ƙirga kaya sau biyu. Ba ta ɓoye ba, ta faɗi dalili.

Maharazu ya daɗe yana kallon shafin, ga lambar motarsa har sau uku.

Kabo ya ce, "Maharazu, ka san ni, na san ubanka. Idan lambarka ko sunanka ya fita daga littafin nan ya shiga hannun wani, ka zo Sandamu ka same ni. Ke kuma faɗi da bakinki su ji."

Ta faɗa. Ta ce ba suna, ba lamba, ba alamar buhu da za ta bar hannunta. Maharazu ya mayar mata da littafin, ya ce buhu ɗari da goma ya ɗauko yau, ba casa'in da ta rubuta ba. Daga nan wasu direbobin suka riƙa rage gudu in sun iso bishiyar, su ɗaga yatsu su nuna adadi su wuce.

Mako shida ya cika, makaranta ta koma, amma ta ci gaba da fita Asabar da Lahadi, domin akwai giɓin da ta kasa cikewa. Geron da ke shiga kasuwar Mai'Adua ya ninka wanda take gani yana fita ta titi, kuma da yamma rumfuna fayau suke. Ta tambayi Kabo ina sauran.

"Ke kina tsammanin iyaka ƙofa ɗaya gare ta?" in ji shi. "Amalanke, raƙumi, jaki, babur. Kowace gona hanya ce."

"To yaya zan ƙirga su? Ba zan zauna a kowace gona ba."

Mako na gaba Kabo ya nuna mata hanya. Ya kai ta bayan kasuwar hatsi ta Mai'Adua, wata rumfa da aka jibge buhunan da babu komai a cikinsu har rufi. Mai rumfar, Kalilu, dattijo ne siriri, yana zaune yana ɗinke wani buhu da basilla. Kabo ya yi masa bayani, ya kuma maimaita alkawarin da aka yi wa direbobi.

Kalilu ya ce abin ba wuya. Babban buhu mai tiya arba'in mota ce ke ɗaukarsa. Babur da jaki da raƙumi ba sa iya masa, don haka duk mai bin daji sai ya raba shi biyu a ƙananan buhunan taki da aka wanke. Kuma ba mai dawowa da su, can ake barinsu, kowace kasuwa sai an sayi sababbi.

"Nawa kake sayarwa a kasuwa ɗaya, Baba?"

"Ni ba na rubutu. Ɗauri nake sani, kowane ɗauri hamsin. Bara war haka ɗauri takwas, in kasuwa ta yi kyau goma. Makon jiya arba'in da uku na kwance, kuma da akwai ƙari da an saya."

"Ku nawa ne masu sayarwa?"

"Mu huɗu ne a nan. Akwai biyu a Babban Mutum."

Ta bi su duka shidan, Kabo na gaba tana baya. Biyar suka yarda su riƙa gaya mata ɗaurin kowane mako, na shidan ya ce shi bai san zancen ba. Ta ƙiyasta nasa daga girman rumfarsa. Ta san ba duk ƙaramin buhu ne ke tsallaka iyaka ba, wasu gidaje ake kai su, don haka ta ɗauki cinikin bara a matsayin na yau da kullum, ta cire shi, ta raba ragowar biyu don ta mayar da shi manyan buhuna. Ta yi lissafin da adadi mafi ƙanƙanta, ta sake yi da mafi girma.

Ko da mafi ƙanƙantar, a cikin kowane buhu goma, shida arewa suke tafiya, ba ɗaya ba. Kuma zuwa ƙarshen Fabrairu abin da ya fita ya riga ya haura rarar shekarar gaba ɗaya, ko bayan ta cire wanda aka kawo daga Kano ya wuce. Ma'anarsa mutane sun fara sayar da abin da za su ci da damina.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ta je Sandamu. Yayanta Ya'u shi ke noma gonar gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma ta tarar an fito da dammuna daga rumbu mata suna sussuka. Ya ce farashi ya yi kyan da bai taɓa gani ba a irin wannan lokaci, zai sayar da buhu goma sha biyu ya sayi babur ya riƙa haya.

"Yaya, da ka dakata. Geron ƙasar nan yana ƙarewa."

"Wa ya ce?"

"Na ƙirga."

Ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce kasuwa cike take, jiya ma ya gani da idonsa. Ta ce cikar kasuwar ita ce abin tsoron, domin daga rumbuna irin nasa take cika. Mahaifiyarsu, Inna Kubura, tana zaune a bakin ƙofa tana jinsu. Ta tambayi Kabo ko gaskiya ne. Kabo ya ce shi lissafin bai iya ba, amma motocin ya gani. Inna Kubura ta ce to rabonta da na Amatullah a cikin geron kada a taɓa. Ya'u ya sayar da buhu bakwai, ya cika da tumaki biyu, ya sayi babur na hannu.

A watan Maris ta kai wa Dakta Harisu babin. Ya karanta shi a gabanta, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshe. Ya ce dabarar buhun ta burge shi, bai taɓa cin karo da irinta ba. Sannan ya ajiye biro.

"Amma kin san abin da kika yi? Kin ce hanyoyi biyu da duniya ta yarda da su sun yi kuskure, hujjarki kuma mutum biyar da ba su da suna, da tsohon direba mai kallon taya. Malamin da za a gayyato daga wata jami'a zai tambaya su wane ne. Ki sa sunayensu da rumfunansu a ƙarshen kundin, ki sa lambobin motocin. Ba wanda zai karanta sai mu."

"Kundin ɗakin karatu za a kai shi, Malam."

"Wa ke zuwa ɗakin karatu neman lambar mota?"

"Na yi musu alkawari."

"Bincike shi ne abin da wani zai iya bi ya tabbatar. In ba haka ba labari ne."

Ta ce za ta yi shawara. Ta san maganarsa gaskiya ce ta fuskar aiki. Da ta koma ta gaya wa Kabo yadda suka yi, har ta tambaye shi ko za a koma wajen mutanen a nemi izininsu. Kabo ya ce za ta iya, amma duk wanda aka je wa da wannan tambayar zai ɗauka an riga an bayar ne ana neman wanke kai. Ya ce shi dai maganar da ya yi a gindin bishiya ya riga ya yi ta, sauran kuma karatunta ne, ita ta san nauyinsa.

Ta koma ta ce wa Dakta Harisu ba za ta sa ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce to sakamakon hanyoyi biyun farko shi zai zauna a matsayin sakamakon kundin, ƙidayar titi da ta buhu kuma a mayar da su rataye a baya, a rubuta cewa ba a tantance su ba. Ta yarda. Ta yi kwana uku tana sauya sunaye da haruffa, Kalilu ya zama mai rumfa A, littattafan ƙidayar kuma ta sa su a akwatin kayanta ta kulle.

Ruwa ya sauka a watan Yuni. Kafin Yuli ya ƙare tiyar gero ta ninka kusan sau uku a kan farashin kaka. Rumfunan hatsi da yawa a Mai'Adua suka rufe, mata daga ƙauyukan tsallake suka riƙa shigowa Daura neman aikin surfe da wanki. A makarantar su Amatullah aka mayar da kunun safe tsararo. A Sandamu geron Ya'u ya ƙare ana tsakiyar noma na biyu, gidan ya koma kan rabon Inna Kubura, shi ma aka riƙa auna shi da gwangwani. Ya kai su har sabon gero da ƙyar, da taimakon abin da babur ɗin ke kawowa. Ya'u bai taɓa tayar da zancen ba, ita ma ba ta tayar ba.

An sa ranar kare kundin a watan Oktoba. Malamin da aka gayyato, wani farfesa mai furfura, ya wuce babi huɗu da tambayoyi kaɗan, ya buɗe ratayen ya tsaya a nan.

"Me ya sa hanyar girman gari da nisa ta ba Nijar kashi ɗaya kawai?"

"Saboda ba ta san farashi ba, ranka ya daɗe. Girman Kano da nisanta ba sa sauyawa ko an yi fari ko ba a yi ba."

"Hanyar rara fa?"

"Ita tana ɗauka mutum ba ya sayarwa sai ya ware abin da zai ci. Kuma tana ganin bambanci ne kawai tsakanin shiga da fita, ba ta ganin kayan da suka shigo suka wuce."

"Taki hanyar ba ta da aibi?"

Ta ce tana da shi. Mai rumfa ɗaya ya ƙi magana. Ba ta ƙirga komai bayan magariba ba. Buhun da aka yi amfani da shi sau biyu ya kuɓuce mata. Kuma hanyar tana aiki ne kawai muddin masu bin daji suna raba kaya a buhun taki. Ranar da suka sauya, ta mutu.

Farfesan ya tambaya su wane ne A da B da C. Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Ya kalli Dakta Harisu, Dakta Harisu ya ce ya nema shi ma bai samu ba. Farfesan ya yi rubutu na ɗan lokaci. Hukuncin da aka karanta mata shi ne ta ci, da gyara biyu: a dawo da ratayen cikin kundin ya zama babi na biyar, kuma jadawalin ƙarshe ya nuna sakamakon hanyoyin uku gefe da gefe, ba tare da an ce ga na gaskiya ba. Kalmar "ba a tantance ba" kuma ta zauna yadda take.

A bakin ofis Dakta Harisu ya ce mata yana son a yi irin wannan aikin a kan wake, daga Baure zuwa Kano, in za ta iya, shi zai nemo ɗan tallafi. Ta ce sai ta yi magana da maigidanta da shugabar makarantarsu. Anwar ya yarda, shugabar ta ba ta Asabar kawai. Ta gama gyaran kundin a watan Nuwamba, ta fara aikin waken a mako na biyu na Disamba.